Babi na Shida: Tunkiya da Kura a Benci Ɗaya

A gidan yarin Angola da ke jihar Luwiziyana ta Amurka, akwai ranar da tsofaffin fursunoni ba su manta da ita ba ko bayan shekara hamsin. Ranar ɗanyen kifi suke kiranta. Ita ce ranar da ake fito da sababbin shiga daga sashen karɓar baƙi, su taka doguwar hanyar siminti zuwa ɗakunan kwana, kowa rungume da ɗan ƙunshin kayansa. Hagu da dama tsofaffin hannu ne a tsaye suna ƙare musu kallo kamar dillalai a kara ranar kasuwa. Suna auna wa ya fi ƙuruciya, wa idonsa ya raina fata, wa ba shi da ɗan unguwarsu a ciki. Kafin mako ya zagayo, wasu daga cikin yaran nan sun zama mallakar wani.

Albert Woodfox ya taka wannan hanya yana ɗan shekara 18. Da ya sake komawa a farkon shekarun 1970, shi da abokinsa Herman Wallace suka kafa reshen ƙungiyar Black Panther a cikin gidan. Cikin ayyukan da suka sa a gaba har da tarar sababbin shiga, su raka su, su ja musu kunne kada su karɓi kyautar kowa, su kuma tsaya tsakaninsu da masu farauta. Woodfox ya ba da wannan labari a littafin tarihin rayuwarsa da ya fito a 2019, bayan ya shafe fiye da shekara 40 a ɗakin kaɗaici bisa hukuncin kisan wani gandiroba, laifin da ya musanta har ya bar duniya a 2022.

Wannan labari yana da nauyi ga duk mai bin tarihin ikkilisiya a Angola. A lokacin ma ana wa'azi a gidan, ana raira waƙoƙin yabo ranar Lahadi. Amma kariyar da tarihi ya fi riƙewa daga wancan zamani, 'yan gwagwarmayar siyasa ne suka shirya ta. Masu bi da suka zo daga baya sun gaji tambayar: idan lalata ta shigo cikin garke, wa zai buɗe baki, kuma wa za a fara kira gaban dattawa?

Gonar da ta zama kurkuku

Angola faɗinta ya kai eka 18,000, kogin Misisipi ya kewaye ta ta fuska uku. Gonar bayi ce tun asali, sunanta ma daga ƙasar Angola ta Afirka ya samo tushe. Bayan yaƙin basasar Amurka wani tsohon hafsan sojan Kudu mai suna Samuel James ya riƙa hayar fursunoni daga gwamnati yana noma da su, daga baya jihar ta karɓe wurin a 1901. A 1951 fursunoni 31 suka yanke jijiyar agararsu da reza don duniya ta ji irin azabar da suke sha. Har farkon shekarun 1970, wasu fursunonin ne ake ba bindiga su yi gadin 'yan'uwansu. A 1975 alƙalin tarayya E. Gordon West ya yanke hukuncin cewa halin da gidan yake ciki ya saɓa wa tsarin mulkin ƙasa, ya tilasta wa jihar ta gyara.

A cikin wannan ɗan sarari na gyara ne Wilbert Rideau ya samu damar rubutu. An yanke wa Rideau hukuncin kisa tun 1961 yana ɗan shekara 19, bayan fashin banki a garin Lake Charles da ya ci ran wata ma'aikaciya. Daga baya hukuncin ya koma ɗaurin rai da rai, ya zama editan mujallar fursunoni The Angolite, wadda shugaban gidan na lokacin, C. Paul Phelps, ya bari ta fita ba tare da an tace ta ba. A 1979 ya buga dogon rahoto kan fyaɗe da bautar jima'i a bayan waya, rahoton da ya jawo masa lambar yabo ta George Polk, ɗaya daga cikin manyan lambobin aikin jarida a Amurka.

Abin da Rideau ya fito da shi fili shi ne cewa sha'awa ƙaramin ɓangare ce ta lamarin. Mulki ne ke tuƙa shi. Wanda aka yi wa fyaɗe a makonsa na farko ya rasa matsayin namiji a idon gidan, ana kiransa da sunayen mata, ya wanke wa ubangidansa kaya, ya gyara masa gado, a ba da aronsa, a biya bashi da shi, a sayar da shi da kwalin taba. Mai yin fyaɗen kuwa ba ya ɗaukar kansa ɗan luwaɗi ko kaɗan, jarumi yake ganin kansa. A littafinsa na 2010, Rideau ya ƙiyasta cewa a mafi munin lokacin wajen kashi ɗaya cikin huɗu na mutanen gidan suna cikin wannan ƙangi.

Duk faston da zai hau mimbari a irin wannan wuri ya yi wa'azi kan fasikanci, da wannan tarihi yake magana, ko ya sani ko bai sani ba.

Fasto mai lambar fursuna

A 1994 majalisar dokokin Amurka ta soke tallafin karatun jami'a da gwamnatin tarayya ke ba fursunoni. Makarantu suka riƙa tattara nasu ya nasu suna barin gidajen yari. Shekara guda bayan haka Burl Cain ya zama shugaban Angola, ya gayyaci makarantar tauhidi ta Baptis da ke New Orleans ta buɗe reshe a ciki, da kuɗin masu ba da gudummawa. Fursuna zai yi karatun shekara huɗu, ya fito da digiri, a tura shi aiki a matsayin mai hidima: a ɗakunan kwana, a asibiti, a sashen masu jiran kisa, wani lokaci ma a wasu gidajen yarin jihar a matsayin ɗan mishan. Jihar Texas ta kwaikwayi tsarin a gidan yarin Darrington a 2011.

Yawancin gidajen yarin Amurka ba su yarda fursuna ya shugabanci fursuna ba, ko da a wurin ibada ne. Angola ta fita daban. Tun kafin zuwan Cain tana da ikkilisiyoyin da fursunoni suka kafa da kansu, kuma lokacin da masu bincike irin su Michael Hallett da Byron Johnson suka shafe shekaru suna nazarin gidan, sun tarar da fiye da ashirin, kowace da fastonta, dattawanta da ƙungiyar mawaƙanta. Mutanen gidan a lokacin sun haura 6,000, mafi yawansu kuma ba su da ranar fita, domin a Luwiziyana ɗaurin rai da rai yana nufin har mutuwa.

Masu yabon Cain suna cewa coci ce ta kashe wutar tashin hankali a Angola. Masu sukarsa suna tuna musu cewa zubar da jini ya fara raguwa tun bayan hukuncin 1975, da aka ƙara ma'aikata aka ƙwace bindiga daga hannun fursunoni, sannan ga tsufa da ya kama mutanen gidan. Kowane ɓangare na da gaskiyarsa. Abin da ba a gardama a kai shi ne an samu wani irin fasto da babu kamarsa a waje: mutumin da yake kwana ɗaki ɗaya da mabiyansa, yake bin layin abinci ɗaya da su, yake wanka a banɗakin da ba shi da ƙofa. Mafi yawan mutanen Angola a manyan ɗakunan kwana suke, gado kusa da gado. Faston gari yana ganin jama'arsa ranar Lahadi cikin fararen kaya. Wannan kuwa ya san wanda ya tashi da tsakar dare da inda ya nufa, su ma sun san nasa.

A nan ne ƙarfinsa yake, a nan kuma tarkonsa yake.

Matakai huɗu, ƙaya huɗu

Kirista bai rasa ƙa'idar tunkarar ɗan'uwan da ya faɗi ba. Bisharar Matiyu sura 18 ta shimfiɗa matakai: a fara samunsa shi kaɗai, in ya ƙi ji a koma da mutum ɗaya ko biyu, in ya ƙi a kai maganar gaban ikkilisiya, in ya taurare a ɗauke shi kamar bare. Manzo Bulus ma, a wasiƙarsa ta fari zuwa ga Korantiyawa sura 5, ya tsawata wa jama'ar da ta kawar da kai ga mutumin da ke zaune da matar ubansa, ya ce a fitar da shi. Duk wanda ya tashi a ikkilisiyoyin Arewacin Najeriya ya san yadda wannan ke gudana a aikace: dattawa su zauna, a sanar cewa an sa wane a ƙarƙashin horo, a dakatar da shi daga cin jibin Ubangiji da riƙe muƙami, ya koma bencin baya har ranar da za a karɓe shi.

A bayan waya, kowane mataki da ƙayarsa.

Na farko yana buƙatar keɓewa, abin da kurkuku ba ta da shi. Mutum biyu suka ja gefe suna magana ƙasa-ƙasa, ido arba'in na kansu. Idan kuma wanda za a yi wa nasihar mai ƙarfi ne, yana da yara, yana da wuƙa a ɓoye, to mai nasihar ya san daren ranar a ɗaki ɗaya za su rufe ido.

Na biyu yana buƙatar shaidu. Na uku yana buƙatar a faɗa wa jama'a. Dukansu suna cin karo da babbar dokar da ba a rubuta ba a kowace kurkuku: ba a kai tsegumi. Wanda aka laƙaba wa sunan ɓera, wato mai kai rahoto ga gandirobobi, ya shiga uku. Sannan dokar gidan ta haramta duk wata mu'amalar jima'i tsakanin fursunoni. Saboda haka maganar da aka faɗa a gaban ikkilisiya da niyyar tuba tana iya isa kunnen hukuma kafin a tashi daga sujada, ta zama takardar tuhuma, ta jawo kulle a ɗakin horo, rasa aiki, da baƙin tabo a fayil ɗin da hukumar afuwa za ta duba wata rana. Faston da ya tona ya zama ɓera. Wanda ya rufe ya zama abokin ɓarawo. Gaba kura, baya siyaki.

Na huɗu shi ne fitarwa, kuma fitarwa zuwa ina? A gari, wanda aka kora yakan sauya coci ko ya sauya unguwa. A Angola gadonsa na nan kusa da na dattijon da ya sanar da horonsa. A wasu ƙasashen kuma nauyin ya fi haka. A gidan yarin Olmos da ke kusa da birnin La Plata a Ajantina, akwai sassan kwana sukutum da masu bi ke tafiyarwa da dokokinsu, fursunoni da yawa kuma suna neman shiga ne don tsira daga tashin hankalin sauran sassan. A can, korar mutum daga ikkilisiya daidai take da tura shi bakin kuraye. Hukuncin da aka yi nufin ya zama magani sai ya koma barazana ga rai, kuma wanda ke riƙe da ikon yanke shi ya samu abin da zai iya murɗe wuyan kowa da shi.

Wa ya yi, wa aka yi wa

Kuskuren da ya fi kowane saurin afkuwa shi ne a zuba kowa a buhu ɗaya. An kama mutum biyu, sai a ce sun yi zunubi, a hore su tare. A wuri irin wannan, kalmar "sun yarda" tana buƙatar a tone ta har saiwa.

Hanyar farautar sananniya ce, ita ce ma Woodfox da abokansa ke gargaɗin yara a kai. Sabon shiga ba shi da sabulu, ba shi da kuɗin kanti, iyalinsa sun yi nisa. Wani dattijo mai fara'a ya miƙo masa taliyar leda, gahawa, takalmi. Ya kore masa masu tsangwama. Bayan 'yan makonni sai a kawo lissafi, a ce lokacin biya ya yi, ga kuma hanyar biya. Yaron da ya miƙa wuya ga mutum ɗaya don kada mutum biyar su taru a kansa, daga nesa sai a ga kamar da son ransa ne. Masu kallo su ce in ɓera da sata, daddawa ma da wari. Wannan karin magana ta hallaka mutane da yawa a gidajen yari, domin tana ɗora rabin laifin a kan wanda ba shi da zaɓi.

Alƙaluman hukumar ƙididdiga ta ma'aikatar shari'ar Amurka sun nuna waɗanda abin ya fi faɗa wa. A binciken 2011 zuwa 2012, kashi 4 cikin 100 na mazauna gidajen yarin jihohi da na tarayya sun ce an ci zarafinsu ta hanyar jima'i cikin wata 12 da suka gabata. Kashi 2 sun ambaci ɗan'uwansu fursuna, kashi 2.4 sun ambaci ma'aikata. A tsakanin waɗanda suka bayyana kansu a matsayin masu neman jinsi ɗaya ko makamancin haka, waɗanda fursuna ya ci zarafinsu sun haura kashi 12. Masu fama da matsananciyar damuwar ƙwaƙwalwa ma abin ya fi yawa a kansu. Ma'ana, mutanen da wa'azin fasikanci ya fi saurin nuna wa yatsa, su ne kuma aka fi zalunta. Ikkilisiya na iya riƙe koyarwarta kan aure da tsarkin jiki ba ta sassauta ba, amma in ta fara horo daga kan mai rauni ta bar mai ƙarfi yana kaɗa ganga a gaba, ta yi wa mai farauta aiki kyauta.

Littafi Mai Tsarki kansa bai haɗa su ba. A littafin Sama'ila na biyu sura 13, Amnon ya yi wa 'yar'uwarsa Tamar fyaɗe, ya kore ta. Wanta Absalom ya ce ta yi shiru. Ubansu Dawuda ya ji, ya husata ƙwarai, amma bai hukunta kowa ba. Tamar ta ƙare rayuwarta a kaɗaice, gidan kuma ya ƙare da jini. Labarin bai ɗora mata laifi ko ƙwaya ɗaya ba, shirun manya ya nuna. A ɗaya ɓangaren ga Yusufu a littafin Farawa sura 39, wanda ƙazafin matar Fotifar ne ya jefa shi kurkuku. Faston fursunoni yana buƙatar labaran nan biyu a hannunsa lokaci guda, domin a gidan yari ƙazafi ma makami ne: ana yinsa don a kawar da abokin gaba, a ƙwace masa aiki, ko a tilasta a sauya masa ɗaki.

Farashin shiru yana da suna. Rodney Hulin yana ɗan shekara 16 aka yanke masa shekara takwas a Texas saboda cinna wuta a kwandon shara, aka kai shi gidan yarin manya a 1995. Cikin kwanaki kaɗan aka yi masa fyaɗe. Ya rubuta takardun neman a sauya masa wuri, aka ƙi. A Janairun 1996 ya rataye kansa, ya cika bayan 'yan watanni bai farfaɗo ba. Mahaifiyarsa ta je gaban majalisar dokokin Amurka ta ba da labarinsa da bakinta.

Lokacin da na waje suka farka

Shekaru da dama fyaɗen kurkuku abin barkwanci ne a finafinan Amurka, wasu ma na ganinsa cikon hukunci. A 1994 kotun ƙolin ƙasar, a shari'ar Dee Farmer, ta yanke cewa jami'in da ya san fursuna na cikin haɗari ya kawar da kai da gangan ya keta tsarin mulki. A 2001 ƙungiyar Human Rights Watch ta fitar da babban rahoto kan fyaɗen maza a gidajen yarin ƙasar, cike da wasiƙun waɗanda abin ya shafa.

Sai aka ga haɗin gwiwar da ba a saba gani ba. Charles Colson, tsohon hadimin Shugaba Nixon wanda badaƙalar Watergate ta kai shi kurkuku, ya fito ya kafa ƙungiyar Prison Fellowship a 1976, ya tsaya layi ɗaya da masu fafutukar kare haƙƙin ɗan Adam da a wasu batutuwan ba sa ga maciji da shi. A majalisar dattawa Edward Kennedy da Jeff Sessions suka ɗauki nauyin ƙudurin dokar hana fyaɗen kurkuku, a ta wakilai Frank Wolf da Bobby Scott. Dokar kawar da fyaɗe a gidajen yari ta wuce ba tare da ƙuri'ar adawa ko ɗaya ba, Shugaba George W. Bush ya sa mata hannu a Satumbar 2003. Cikakkun ƙa'idojin aiwatar da ita sai a 2012 suka fito.

Ƙa'idojin sun sauya filin da faston fursuna ke aiki a kai. Dole a tantance sabon shiga cikin awa 72 don a gane ko yana cikin haɗari ko shi ne haɗarin. Dole a samar da hanyoyin kai ƙara fiye da ɗaya, har da wata da ke wajen hukumar gidan. Ma'aikaci ba shi da izinin ɓoye abin da ya ji. Masu aikin sa kai, har da masu zuwa wa'azi, sai an koya musu yadda za su kai rahoto. Ana bibiyar wanda ya kai ƙara na aƙalla kwana 90 don kada a rama a kansa. Ƙa'idojin sun kuma bambance abu biyu da ikkilisiya ke yawan cakuɗawa: gidan yari na da ikon haramta duk wata mu'amala tsakanin fursunoni, amma ba zai kira ta cin zarafi ba in babu tilas.

Wannan bambanci ya raba wa fasto aiki. Ɗan'uwan da ke fama da sha'awarsa, ko da hotunan batsa da ake fasaƙwaurinsu, ko ya faɗa da wani babba ɗan'uwansa ba tare da tilas ba, nasa na makiyayi ne: nasiha, addu'a, abokin riƙon amana, horo in ya kama. Amma inda akwai tsoro, bashi, ko rinjayen ƙarfi, laifi ne a gaban doka, kuma zaman dattawa ba zai maye gurbin raba mai farauta da abin farautarsa ba. Zaunar da wanda aka zalunta gaban wanda ya zalunce shi a ce su yafe wa juna su rungumi juna, sannan a mai da su ɗaki ɗaya, wani zaluncin ne a kan na farko.

In makiyayin ne kurar

A gidan yarin mata na tarayya da ke Dublin a jihar Kalifoniya, wata fursuna ta je ofishin limamin cocin gidan neman ta'aziyya. Limamin, James Highhouse, ya yi amfani da ayoyi da matsayinsa ya riƙa lalata da ita a 2018 da 2019, yana gaya mata ba wanda zai yarda da maganar fursuna a kan ta malamin addini. Ya amsa laifinsa, a 2022 aka ɗaure shi shekara bakwai. A ƙarshen wannan shekarar aka samu tsohon shugaban gidan kansa, Ray Garcia, da laifin cin zarafin mata fursunoni. Shi ne mutumin da ya taɓa jagorantar horar da ma'aikata kan dokar hana fyaɗen. An ba kura ajiyar nama. A 2024 gwamnati ta rufe gidan.

Faston da shi ma fursuna ne ba shi da makulli ko kaki, amma yana da abin da ya ishe shi cutarwa in zuciyarsa ta karkace. Yana zagaya sassan da wasu ba sa shiga. Manyan gidan na sauraronsa. Shi ake tura wa sabon shiga da ke kuka, shi ke kai wa mutum labarin rasuwar uwarsa. Kyautar sabulu daga hannunsa ba wanda zai yi mata kallon tarko. Shi ya sa ikkilisiyar da ta san ciwon kanta take fara tsaurin daga sama: kada shugaba ya keɓe da yaro a inda ido ba ya kaiwa, taimako ya fito daga asusun jama'a kowa na gani don kada ya zama bashin mutum ɗaya, dattawa kuma su kasance masu iya tsayar da faston kansa. Annabi Natan bai aika wa Sarki Dawuda saƙo ta bakin wani ba kan maganar Batsheba da Uriya. Shiga ya yi ya same shi, alhali sarkin na da ikon sa a fille masa kai.

Hanyar dawowa

Horo ba tare da ƙofar dawowa ba yankewa ne kawai. Bulus ɗin da ya ce a fitar da mai laifi, a wasiƙarsa ta biyu sura 2 ya roƙi Korantiyawa su yafe wa wanda aka hora su ƙarfafa shi, kada baƙin ciki ya haɗiye shi. A Angola wannan roƙo yana da nauyi na musamman, domin a kan benci ɗaya akwai mutanen da fyaɗe ne ya kawo su gidan, waɗanda sauran fursunoni ke ɗauka a matsayin na ƙasan kowa, akwai kuma waɗanda aka yi wa fyaɗen suna yara ko a cikin gidan. Karɓar mai tuba a teburin jibi abu ɗaya ne. Mai da shi mai kula da sababbin shiga wani abu ne daban, kuma gafara ba ta wajabta shi ba.

Akwai kuma gaskiyar da wa'azi ba ya sharewa. Luwiziyana ba ta ba fursuna damar keɓewa da matarsa. Misisipi da ke maƙwabtaka, wadda ta daɗe tana bayarwa, ta daina a 2014, jihohi ƙalilan ne irin su Kalifoniya da New York suka rage. Saurayin da ya shiga Angola yana ɗan shekara 20 da ɗaurin rai da rai, ana neman ya kame kansa na shekara 50, ba aure, ba runguma sai ta 'yan daƙiƙu a ɗakin ziyara. Ikkilisiyar da ke neman wannan daga gare shi, dole ta ba shi wani abu da zai riƙe: 'yan'uwa, aiki mai ma'ana, da wurin da zai faɗi damuwarsa ba a yi masa dariya ba.

Ɗaya daga cikin irin waɗannan wurare yana sashen jinya. Tun ƙarshen shekarun 1990 Angola ke da shirin kula da masu jiran ajali, kuma fursunoni ne masu aikin sa kai a ciki, da yawansu 'yan ikkilisiyoyin gidan. Suna yi wa tsoho wanka, su sauya masa ƙyallen da ya ɓata, su shafa masa mai a baya inda kwanciya ta ci, su ba shi abinci a baki. Idan lokaci ya matso sai su raba dare da rana a tsakaninsu don kada ya cika shi kaɗai. Wasu daga cikin tsofaffin da ke kan gadajen nan sun taka waccan hanyar siminti a shekarun 1970, wasu a tsakiyar layi da ƙunshi a hannu, wasu a gefe suna kallo.

In mutum ya cika, a lulluɓe shi da bargon da fursunoni suka ɗinka, a sa shi a akwatin katako da kafintocin gidan suka ƙera. Irin wannan akwatin ne aka binne shahararren mai bishara Billy Graham a ciki a 2018. Keken doki baƙi yakan ɗauki gawar zuwa maƙabartar Point Lookout, 'yan'uwa na biye a ƙasa suna waƙa, faston da ke da lambar fursuna irin ta mamacin ya yi addu'a a bakin kabari. Daga nan gandiroba ya ƙirga su, su koma ɗakin kwana kafin ƙidayar yamma.